Bin Sawun Zinariya A Kan Keke, Daga Khartum Zuwa Omdurman

A cikin tsohuwar kwamfutata akwai wani sauti mai tsawon kusan sa'a biyu, wanda na naɗa wata ranar Asabar a watan Disamba na 2017. Babu waƙa a ciki, babu hira da wani babban mutum. Ƙarar sarƙar keke ce da hakin yara da hon ɗin motoci, sai muryar wani malamin tarihi da iska ke ɗauka tana dawowa da ita. A lokacin, minti goma sha biyu kawai na yanka na saka wa masu sauraro, sauran na ajiye don ina ganin hayaniya ce. Yau idan aka ce in zaɓi abu ɗaya cikin duk abin da na tara a aikin rediyo, shi zan ɗauka, domin yawancin wuraren da muka tsaya a ranar yaƙi ya bi ta kansu.

Abu biyu ne suka kai ni Sudan. Na farko, in duba ƙanena da ke karatu a Jami'ar Afirka ta Khartum. Na biyu, in haɗa shiri a kan Hausawan da suka yi kaka-gida a ƙasar. A wajen wani mai agashe, wato tsiren da Hausawa suka kai Sudan har ya zama na kowa, na haɗu da malamin. Yana koyar da tarihi a wata sakandaren maza a kudancin Khartum. Kakan mahaifinsa yana cikin waɗanda suka yi hijira zuwa gabas bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, suka zauna tare da ɗansa Muhammadu Bello a garin da ake kira Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Hausar malamin tsohuwar Sakkwatanci ce da Larabci ya ratsa, kamar ta kakannina.

Da ya ji daga Gusau nake sai ya ce, "To ai kai ɗan ƙasar zinariya ne."

Na ce, "Ustaz, mu dai dalma muka fi sani."

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Ɗan'uwa, ka iya keke?"

Ashe kowace shekara idan sanyi ya shigo yakan ɗebi ɗaliban ajinsa su yi yini guda a kan kekuna suna bin tarihin zinariya a cikin birni. Makarantar ba ta da kuɗin hayar mota, wannan shi ne dalili na farko kuma bai ɓoye mini ba. Na biyun shi ne, ya ce yaron da aka ɗauka a mota barci yake yi, amma wanda ya taka da ƙafarsa ba ya mance inda ya sha wahala. Wuraren haƙar suna can nesa, ɗaruruwan kilomitoci a cikin hamada, babu uban da zai yarda a kai masa ɗa. Amma duk abin da aka haƙo, in ji shi, nan yake zuwa, don haka a nan za a bi sawunsa.

Mun tashi da ƙarfe bakwai na safe, yara ashirin da biyu, da shi da ni. Mutanen Sudan ajala suke ce wa keke. Wasu yaran sun zo da irin mai giya da kaurin taya na gwanjo wanda aka yi don hawa duwatsu, wasu da tsohon Phoenix na iyayensu. Ni aro aka yi mini, sirdinsa kamar dutsen guga. Na ɗaure rakoda a ƙirji. Kafin mu motsa, Ustaz ya sa kowa ya rubuta tambaya uku a bangon littafinsa: Wa ya haƙo ta? Wa ya karɓe ta? Ina ta tafi? Ya ce duk inda muka tsaya, su yake so a amsa masa. Yawancin darasin da Larabci ne, yana juyowa yana fassara mini inda Larabcin Islamiyyata ya gaza.

Zangon farko shi ne Gidan Tarihi na Ƙasa da ke kan titin bakin Nilu, wanda aka buɗe a 1971. A harabarsa akwai ɗakunan bautar zamanin Fir'aunoni da aka kwanco dutse bayan dutse daga Buhen da Semna da Kumma a shekarun 1960, kafin ruwan madatsar Aswan ya shanye wuraren. A gindin na Buhen muka jingine kekuna. Ustaz ya ce mutanen Masar na dā nub suke kiran zinariya, har wasu masana suna danganta sunan ƙasar Nubiya da wannan kalma. Manyan ganuwoyin da Fir'aunoni suka gina a Buhen da Semna kusan shekara dubu huɗu da suka wuce, aikinsu tsare kogi da hanyar fatauci ne, kuma zinariya na kan gaba a cikin kayan da ke bi ta nan zuwa arewa. A kabarin wani gwamnan Nubiya mai suna Huy, na zamanin Tutankamun, an zana mutanen kudu ɗauke da zobban zinariya a faifai suna kai wa sarki.

Daga nan ya koma kan tambaya ta farko. Ya ba su labarin wani allon dutse na Fir'auna Ramsis na Biyu da aka samu a Kuban, bakin hanyar kwarin Allaƙi inda manyan ramukan haƙar suke. Allon ya nuna cewa rabin waɗanda ake turawa wankin zinariya ne kawai ke isa, sauran ƙishirwa ke kashe su a hanya su da jakunansu. Mahaifin Ramsis, Seti na Ɗaya, ya sa an haƙa rijiya mai zurfin kamu 120 ba a tarar da ruwa ba. Sai kuma bayanin wani marubucin Girka, Agatarkidis, wanda ya rayu a ƙarni na biyu kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya siffanta fursunoni da kamammun yaƙi ɗaure da mari, ana hura wuta a jikin dutse don ya tsage, ana tura ƙananan yara cikin ƙunƙuntattun ramuka su fito da ɓaraguzai, maza na dakawa a turmin dutse, mata da tsofaffi na niƙawa har ya zama gari, sannan a wanke a kan allo mai gangara.

A nan ne wani yaro siriri, wanda tun safe bai ce uffan ba, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ya Ustaz, ai har yanzu haka ake yi. Inji ne kawai ke niƙan." Sauran suka yi dariya, Ustaz bai yi ba. Daga baya ya raɗa mini cewa mahaifin yaron dahabi ne, wato mai haƙar zinariya da hannu, yana can wajen Abu Hamad wata takwas ke nan bai zo gida ba.

A cikin babban zauren muka tsaya gaban ƙaton gunkin Taharƙa, sarkin Kush da ya mulki ƙasarsa haɗe da Masar daga 690 zuwa 664 kafin haihuwar Annabi Isa. Ustaz yana so yaran su san cewa akwai zamanin da mutanen wannan ƙasa suka riƙe zinariyarsu da kansu, maƙeransu suka yi aikin da har yau ake mamaki. Wani yaro ya tambaya ina kayan sarauniyoyin Marawi da aka zana a littafinsu. Amsar ita ce ta tambaya ta uku. A 1834 wani likitan soja ɗan Italiya mai suna Giuseppe Ferlini ya je dalolin Marawi ta dā, kimanin kilomita 200 arewa da Khartum, ya riƙa rushe su daga sama yana neman dukiya. A dalar Sarauniya Amanishaketo ya dace da zobba da warwaraye da sauran kayan ado. Ya kai su Turai ya sayar, suna can rabe tsakanin gidajen tarihin Munich da Berlin a Jamus. Abin da ya rage wa Sudan na zinariyar Kush, in ji Ustaz, mafi yawansa yana kulle a wani ɗaki na musamman a wannan gini. Na tuna har da hannu ya nuna, ya ce, "Wannan kam yana wurinmu, babu mai taɓa shi."

Daga gidan tarihin zuwa Mugran tafiyar 'yan mintuna ce. Nan ne Shuɗin Nilu da ya gangaro daga Habasha ke haɗuwa da Farin Nilu, kowanne da launinsa, su yi tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraya. Ustaz ya juya wa Omdurman baya, ya nuna Shuɗin Nilu. Ya ce wanda ya bi ruwan nan sama zai wuce Wad Madani, ya wuce Sinnar da Mai Wurno, ya wuce Rusairis, har ya kai duwatsun Fazugli da ƙasar Bani Shangul a kan iyakar Habasha. Daga can sarakunan Funj na Sinnar, waɗanda suka yi mulki daga 1504 zuwa 1821, suke samun garin zinariya. Labarin wannan zinariya ne ya kai kunnen Muhammadu Ali Basha a Alƙahira.

A 1820 Basha ya turo runduna ƙarƙashin ɗansa Isma'il. Abu biyu yake nema, bayi da zai mayar sojoji, da zinariyar da zai biya su. Sinnar ta miƙa wuya a 1821, Isma'il ya zarce Fazugli tare da wani Bafaranshe masanin duwatsu, Frédéric Cailliaud. Suka wanke yashi har suka gaji, abin da suka samu bai taka kara ya karya ba. A kan hanyar komawa, a ƙarshen 1822, Isma'il ya sauka a Shandi ya ɗora wa Mak Nimir, sarkin Ja'aliyawa, harajin dukiya da bayi da ya fi ƙarfinsa, a kawo cikin 'yan kwanaki. Da sarkin ya nemi sassauci, sai ya buge shi a fuska da lofen taba a gaban jama'arsa. A daren aka tara kara da harawa kewaye da masaukinsa aka cinna wuta, Isma'il ya ƙone da mutanensa. Ramuwar da surukin Basha, wanda ake kira Daftardar, ya yi ta ci rayukan dubbai a garuruwan bakin kogi. Duk da haka Basha bai haƙura ba. Ya ɗauko masana daga Turai, cikinsu har da Joseph Russegger na Ostiriya, kuma a 1838 shi da kansa, yana dab da shekara saba'in, ya yi tattaki zuwa Fazugli. Ya koma ba tare da dutsen zinariyar da ya yi mafarki ba.

"To wannan birnin da kuke tsaye a kansa," in ji Ustaz, "a wannan mamayar ya tashi daga ƙauyen masunta ya zama sansanin soja, ya zama hedikwata. Idan an tambaye ku wa ya haifi Khartum, ku ce kwaɗayin bayi da zinariya."

Muka hau tsohuwar gadar Farin Nilu, ta ƙarfe, wadda Turawa suka gina a shekarun 1920. Nan na gane ni ba yaro ba ne. Motoci na ture mu gefe, iskar kogi na turo mu baya, yaran na ihu suna tsere, ni ina salati. Da muka sauka Omdurman muka bi bakin kogi ta Maurada inda ƙarnin kifi ke tarbar baƙo, muka wuce ragowar ganuwoyin laka da dakarun Mahadi suka gina don harbin jiragen ruwa. Tayar wani yaro ta yi faci, muka zauna wajen wata mai shayi a gindin bishiya ana liƙi. Aka kawo zoɓo, wanda su karkade suke cewa. A unguwar Mulazimin na roƙi a tsaya mini minti biyu a ƙofar gidan Rediyon Omdurman, wanda ya fara watsa shiri tun 1940. Yaran suka yi ta mamakin mutumin da ya zo daga Najeriya yana kallon get kamar ya ga Ka'aba.

Zango na uku shi ne Gidan Halifa, daura da ƙubbar Mahadi. Khartum ta faɗa hannun Muhammadu Ahmad al-Mahadi ranar 26 ga Janairu 1885, ya rasu a watan Yuni na wannan shekarar, Halifa Abdullahi ya gaje shi ya mayar da Omdurman babban birni. Gidan nasa ne aka mayar gidan tarihi a 1928. Akwai bindigogi da masu da jibbobi masu faci da wasiƙu, amma Ustaz wajen kuɗaɗe ya ja su. Ya ce ganimar da aka kwasa a Khartum an tara ta a Baitulmali, wanda har yau akwai unguwa mai sunansa a Omdurman. Daga wannan zinariya aka buga fam na gwal a 1885. Ba a daɗe ba ya ɓace daga kasuwa, domin duk wanda ya shiga hannunsa ɓoyewa yake yi, ko fatake su fice da shi. Halifa bai ci gaba da buga na zinariya ba, sai riyal na azurfa, wanda shi ma aka yi ta ƙara masa jan ƙarfe har mutane suka riƙa gudunsa. Ranar 2 ga Satumba 1898 rundunar Kitchener ta karya daular a Karari, arewa da inda muke tsaye, inda Ansaru fiye da dubu goma suka kwanta dama cikin safiya ɗaya. Turawan Ingila su ma sun gwada sa'arsu da kamfanoni a wurare irin su Umm Nabardi a hamadar arewa da Jabait a duwatsun Bahar Maliya.

Wani yaro mai wayo ya ce, "Ustaz, a nan tambaya ta farko ba ta da amsa. Ba a haƙo ta ba, ƙwato ta aka yi." Ustaz ya ce ya rubuta haka, amsa ce.

Azahar ta yi mana a kasuwar Omdurman. Bayan salla muka ja kekuna da hannu cikin lunguna har layin masu zinariya, inda gilasai ke cike da sarƙoƙi da awarwaro da irin hular zinariyar da amarya ke sawa ranar jirtik. Ustaz yana da wani dattijo maƙeri da ya saba karɓar ɗalibansa. Dattijon ya fito da baƙin dutse, ya goga zobe a kai, ya ɗiga ruwan gwaji, ya nuna musu yadda ake bambance mai lamba 21 da mai lamba 18 da jabu. Sannan ya buɗe wata 'yar takarda, ga wasu dunƙule-dunƙule marasa ƙyalli kamar kashin awaki. Ya ce wannan ita ce ɗanya, yadda take zuwa daga kasuwannin Abidiyya da Abu Hamad.

A nan aka shigo zamaninmu. Kamfanin Ariab ya fara fitar da zinariya a Hassai tun farkon shekarun 1990, amma guguwar ta taso ne wajen ƙarshen shekarun 2000, da na'urar gano ƙarfe a ƙasa ta yi arha. Manoma da makiyaya da ɗalibai suka bazama hamada. Ranar 9 ga Yuli 2011 Sudan ta Kudu ta ɓalle da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur, gwamnati ta rungumi zinariya hannu biyu, ta buɗe matatar zinariya a Khartum a watan Satumba na 2012. A wannan shekarar aka gano zinariya a Jabal Amir a Darfur ta Arewa. A 2013 faɗa a kan ramukan ya kashe ɗaruruwa, ya kori dubun-dubata daga gidajensu. Makonni kaɗan kafin wannan yawo namu, a watan Nuwamba na 2017, dakarun RSF na Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemeti, suka kama Musa Hilal da ke riƙe da yankin. Ustaz ya faɗi wannan da murya ƙasa-ƙasa, yana waige. A cikin sautin da na naɗa da ƙyar ake jin sa.

Dattijon ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ɗora a ma'auni, giram ɗaya da ɗan ɗoriya, ya ce wa zai riƙe. Ustaz ya nuna ɗan dahabin nan. Yaron ya buɗe tafin hannu aka ɗora masa. Dattijon ya ce, "Ɗana, ka san dutse nawa aka fasa kafin a sami wannan?" Yaron ya ce ya sani. Ya yi bayani tiryan-tiryan, yadda ake sauka rami da igiya, a cika buhuna da dutse, a biya mota ta kai kasuwa, a biya mai injin niƙa, a zuba garin a kwatami a cuɗa da zaiba da hannu, a matse a ƙyalle, a ƙona dunƙulen a kan garwashi zaibar ta tashi ta bar zinariya. Ya ce wani buhun ba ya ba da ko rabin wannan, wani ba ya ba da komai. Idan an samu, mai rami ya cire nasa, mai mota ya cire, mai abinci da ruwa ya cire, sannan masu haƙa su raba saura. Dusar da ta rage, wadda suke kira karta, kamfanoni ke saye su tace da guba mai ƙarfi su fitar da abin da ya fi na farko. Ya ce da babansa ya zo hutun ƙarshe, hannunsa rawa yake yi idan ya ɗauki kofin shayi.

Shagon ya yi tsit. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai Ustaz ya juyo gare ni ya ce, "Ɗan'uwa, faɗa musu dalma."

Ban shirya ba, amma na faɗa. A 2010 yara suka fara mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a jiharmu ta Zamfara, a Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya aka gano Bagega ma ta kamu. Suma suke yi da jijjiga, ana cewa iska ce ko zazzaɓi, sai da likitocin ƙungiyar MSF suka gwada jini aka gane gubar dalma ce. Dutsen zinariyarmu haɗe yake da dalma, maza na kawo shi gida, mata na daka shi a tsakar gida, wani lokaci a turmin da ake dakan hatsi, ƙurar na sauka inda jarirai ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu. Ina cikin magana na tuna turmin da dutsen niƙan da Ustaz ya siffanta da safe, na shekara dubu biyu da suka wuce. Na kuma gaya musu cewa da aka gano zinariya a Jado a arewacin Nijar a 2014, 'yan Sudan na cikin waɗanda suka fara isa da na'urorinsu, suka tarar da samarin Agadas da Zinder da Katsina. Rami ɗaya muke shiga da su.

Dattijon bai so mu tafi da baƙin ciki kaɗai ba. Ya ce kada yaran su ɗauka zinariya la'ana ce. Ya nuna awarwaro ya ce wannan shi ne bankin matar talaka, ranar da fam ya faɗi ko ciwo ya zo, shi ke tsayawa. A lokacin na ɗauka maganar ɗan kasuwa ce.

Sauran labarin mai karatu ya ji shi a rediyo, wani ma daga bakina. A 2020 masu binciken tarihi suka isa Jabal Maraga a hamadar Bayuda suka tarar masu neman zinariya sun tone wurin mai shekara kusan dubu biyu da motocin haƙa. A watan Disamba na 2021 rami ya rufta a Kordofan ta Yamma ya kashe aƙalla mutum 38. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da RSF, kuma kowane ɓangare yana da ramukan da yake dogaro da su. Ana cikin yaƙin, kamfanin ma'adinai na gwamnati ya ba da sanarwar an haƙo tan 64 a 2024, fiye da na shekarar da ta gabaci yaƙin, kuma Dubai ce babbar kasuwar. Gidan Tarihi na Ƙasa ya kasance a yankin da RSF ta riƙe kusan shekara biyu. Da sojoji suka karɓe Khartum a watan Maris na 2025, jami'an kayan tarihi suka shiga suka tarar an farfasa gilasai an kwashe kaya, ɗakin zinariyar nan da Ustaz ya nuna mana an buɗe shi an share. Taharƙa yana nan tsaye, nauyinsa ya cece shi. Gidan Halifa ma an yi masa ɓarna, kasuwar Omdurman ta sha wuta da wawaso.

Ustaz yana Gadarif yanzu, muna gaisawa ta WhatsApp idan ya sami intanet. Ya ce mini awarwaron matarsa biyu suka sayar suka biya kuɗin motar da ta fitar da su da 'ya'yansu daga Khartum, a farashin da bai kai rabin ƙimarsu ba. Na tuna maganar dattijon nan, na nemi gafararsa a zuciyata. Na tambaye shi ɗan dahabi. Ya ce yaron ya shiga jami'a, yana aji uku yaƙi ya rufe ta, mahaifinsa kuma ba ya iya aiki. Yanzu shi ne a ramin, wajen Abu Hamad, yana ciyar da gida. Ya taɓa aiko wa Ustaz saƙo cewa ya hana abokan aikinsa ƙona zaiba a cikin rumfar da suke kwana, yana sa su fita fili su tsaya ta inda iska ke fitowa. Ustaz ya ce, "Ban iya hana shi shiga rami ba, ɗan'uwa. Amma ya shiga ya san abin da ke ciki." Ya roƙe ni in tura masa sautin nan gaba ɗaya, don yana koyar da 'ya'yan 'yan gudun hijira a wata rumfa, kuma ba shi da gidan tarihin da zai kai su. Na tura masa a gutsure goma sha ɗaya, kwana uku ana sauke shi.

Ga malamanmu na gida nake da magana. Na san babu mai hankalin da zai ɗebi yara zuwa dajin Anka ko Birnin Gwari a halin da ake ciki, tun da har gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019 saboda 'yan bindiga, ba ta ɗage ba sai ƙarshen 2024. Amma Ustaz ma bai kai nasa rami ba. A Kano, daga Gidan Makama zuwa Kasuwar Kurmi zuwa gindin Dala ba ta kai tafiyar da muka yi ba. A Sakkwato akwai gidan tarihi na Waziri Junaidu. A Gusau da Maraɗi da Agadas akwai masu sayen zinariya da maƙera da dattawan da suka ga farkon abin, kuma a kowane aji akwai yaron da wansa ko babansa ke daji yana haƙa, yana zaune shiru babu wanda ya taɓa tambayarsa. Kekuna ashirin na aro, da ruwan sha, da izinin iyaye, da waya mai naɗar sauti sun isa. A ba yaran tambayoyin nan uku, a bar su su nemo amsa, a kuma adana abin da suka gani tun yana nan.

Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya zaunar da ƙasashenmu, Ya fito da na cikin rami lafiya. Amin.